Filin Idin Sabonmu

Yau dai ba maganar kasuwa zan yi ba, duk da na san da yawanku tsadar kuɗin mota ce ta fi damunku. Maganar fili zan yi, filin ƙwallo, kuma ina roƙon dattawa kada su ce yaro ya rasa abin faɗa, su daure su bi ni zuwa ƙarshe.

Watanni biyar da suka wuce, ranar wata Alhamis bayan la'asar, ina shago ina tsintar goro, sai ga yara sun shigo a guje suna cewa ɗan acaɓa ya buge ƙanena. Shekararsa 10, shi ne autanmu. Wai suna buga tamola ne a layin da ya fito daga kasuwa, ƙwallo ta gangara titi, ya bi ta bai duba ba. Allah ya taƙaita abin, hannu kawai ya karye, aka kai shi wajen mai ɗori. Shi ma ɗan acaɓan namu ne, ɗan Arewa, ya tsaya yana ta rawar jiki yana rantse-rantse, kuma ba wanda ya ga laifinsa. Da dare bayan yaron ya daina kuka na ce masa, me ya kai ku titi alhali ga fili? Sai ya ce, "Yaya, wane filin? Tirela huɗu ce a ciki tun jiya."

To, bari in faɗa muku wane fili ne. Garinmu ƙaramin gari ne a ƙasar Yarbawa, ba shi da nisa da Shagamu, kuma kamar kowane gari a nan yana da Sabonsa, da Sarkin Hausawansa, da masallacin Juma'arsa. A bayan masallacin akwai wani fili na jan ƙasa, tsawonsa bai kai na cikakken filin ƙwallo ba, amma ya ishi mutum bakwai-bakwai su gwabza. Dattawan farko da suka zo fataucin goro su suka roƙe shi wajen wani babban gida na 'yan gari domin sallar Idi. Da baki aka yi maganar, aka raba goro, aka yi addu'a, shi ke nan. Ba takarda, ba sa hannu. Sau biyu a shekara ake salla a cikinsa, sauran kwanakin duk na yara ne.

A nan na girma. A garin nan aka haife ni a 2001, kuma in aka ce in nuna wuri guda da na fi sani a duniya, wannan filin zan nuna. Na san inda ruwa ke kwanciya da damina, na san inda tsakuwa take da ke yanke wa mutum ɗan yatsa, na san tushen mangwaron da mai tsaron gida ke jingina da shi in wasa ya koma can gaba. Da mun taso daga makarantar allo da yamma sai mu jefar da alluna a gida mu ruga. 'Ya'yan Yarbawa na unguwar da ke bayanmu su ma nan suke zuwa, domin su ma ba su da wani. Yarbancin da nake ci da shi yau a kasuwa ba a aji na koya ba, a filin nan na koya, kuma da zagi na fara, kamar yadda su ma da zagi suka fara Hausa. Bayan babbar salla mahauta kan sa dambe, a yi ta kiɗa har magariba, 'yan gari su cika wurin suna kallo. A 2009, lokacin da Nijeriya ta ɗauki baƙuncin gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17, aka buga wasu wasannin a Ijebu-Ode, wana ya je ya kallo ya dawo yana ba mu labarin ciyawa mai laushi kamar darduma. Mu kuwa muka yi ta tamu gasar a jan ƙasa, kowane layi da sunan ƙasarsa. Ranar da Suwizalan ta ci mu ɗaya da nema a wasan ƙarshe a Abuja, yaron da layinsu ya ɗauki sunan Suwizalan sai da ya yi kwana biyu bai fito ba.

Ba rana ɗaya filin ya tafi ba. Da farko wani ya ajiye kwantena a kusurwa yana sayar da ruwan leda. Sai mai buga bulo ya roƙi gefe guda na wata uku, yau shekara ta shida. Sai aka faɗaɗa titin kasuwa aka hana manyan motoci tsayawa a bakin hanya, direbobin da ke kawo albasa daga Aliero da Sakkwato suka rasa inda za su kwana, aka ce su shiga filin Idi su riƙa ba kwamitin masallaci wani abu. Mahaifina yana cikin wannan kwamiti. Ku riƙe wannan, domin za mu dawo kansa.

Bayan abin da ya sami ƙanena sai na shiga tambaya, shin wai aikin wane ne samar wa yara wurin wasa? Ni karatuna bai wuce sakandare ba, amma malamin da ya koyar da mu darasin gwamnati yana nan da rai, na je na same shi. Ya ɗauko tsarin mulkin 1999 ya buɗe mini jadawali na huɗu, inda aka jera ayyukan ƙaramar hukuma. Ga shi nan a rubuce tare da tituna da fitilun hanya da magudanan ruwa: wuraren shaƙatawa, da lambuna, da filayen jama'a. Wato aikin ƙaramar hukuma ne. Amma fa, in ji shi, kuɗin ƙaramar hukuma ta asusun haɗin gwiwa da jiha tsarin mulkin ya ce su bi, saboda haka shekara da shekaru abin da gwamna ya saki shi ke isowa, in an biya albashi kuwa sai a nemi saura a rasa. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, aka yi ta murna a rediyo, daga baya aiwatarwar ta yi ta jan ƙafa. Malam ya ce ko da kuɗin sun zo, kada in sa rai shugaban ƙaramar hukuma zai bar kwalbati ya yi lilo.

Gaskiyarsa. In ka duba inda kuɗin jiha ke zuwa a wannan fanni, manyan birane ne. Legas ta kafa hukuma sukutum ta kula da lambuna da wuraren shaƙatawa, LASPARK, da dokar 2011, kuma duk wanda ya san Oshodi da ƙarƙashin gadojin Legas kafin zamanin Fashola ya san an yi aiki. A Ibadan akwai lambun Agodi, wanda ambaliyar Ogunpa ta 1980 ta lalata, ya daɗe a yashe, aka gyara shi a zamanin Gwamna Ajimobi. Na taɓa zuwa da salla, wuri ne mai kyau ƙwarai, amma sai ka biya kuɗin mota ka biya kuɗin shiga, ba wurin da yaro zai ruga bayan la'asar ya dawo kafin magariba ba ne. A watan Mayu na 2025 jihar Ogun ta ɗauki baƙuncin gasar wasanni ta ƙasa, aka gyara babban filin wasa na Abeokuta, muka kalla a gidan kallo muna tafi. A wannan shekarar ce kuma Remo Stars ta Ikenne ta ci kofin gasar Nijeriya karo na farko. Ikenne ƙaramin gari ne, garin Awolowo, kuma filin da ƙungiyar ke wasa a ciki ɗan kasuwa ne ya gina, ba gwamnati ba. Duk wannan abin alfahari ne, ban ƙi ba. Sai dai yaron da zai buga a irin waɗannan filaye nan da shekara goma, yau a ina yake bugawa? A bakin titi, tsakanin acaɓa da kwata.

Wani abokina Bayarabe, wanda tun muna yara yake tsare mana gida, shi ya buɗe mini ido. Ya ce ai a nan ƙasar kowace unguwa tana da ƙungiyar raya unguwa, wadda suke kira CDA, kuma gwamnatin jiha kan ba irin waɗannan ƙungiyoyi tallafi lokaci-lokaci a kan aikin gayya da suka fara da kansu. Unguwarsu ta taɓa samu ta ƙarasa kwalbati. Ya ce me zai hana Sabo ta nema ta kewaye fili? Na ce mu Gambari wa zai ba mu? Ya yi dariya ya ce, kun taɓa tambaya?

Ba mu taɓa ba. Muka shirya muka tafi wani ofishi ranar Litinin, ni da shi. Na shiga da shirin faɗa, domin na san abin da takardar zama ɗan asalin jiha ta yi mini lokacin da na so ci gaba da karatu: a nan aka ce in je Kano, a Kano aka ce ba a san ni ba sai da Baba ya aika wa mai unguwar ƙauyensu. Wata mata ce a kan teburin, ta kai sa'ar mahaifiyata. Na gaishe ta da Yarbanci, ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ɗana, kai ɗan ina ne?" Na ce, "Mama, nan aka haife ni." Ta ce to zauna.

Wallahi ba ta tambaye ni takardar asali ba. Abin da ta lissafa mana shi ne: ƙungiya mai rajista, da shugabanni da aka zaɓa, da littafin da ake rubuta abin da aka tattauna a taro, da asusun banki da sunan ƙungiyar ba da sunan mutum ba, da shaidar cewa mun fara aikin da kuɗinmu, sannan takardar da ke nuna filin na jama'a ne ko masu shi sun yarda a rubuce. Ta ce gwamnati ba za ta zuba kuɗi a filin da gobe wani zai zo ya ce na kakansa ne ba. Da muka ce katanga muke so da raga biyu da 'yan bencina da itatuwa, sai ta ajiye biro ta yi dariya, ta ce tun da take wurin, taransifoma ake nema da rijiyar burtsatse da kwalbati, ba ta tuna wanda ya zo neman wurin wasan yara. Amma ba ta ce haramun ba ne. Ta ce ku kawo takardunku a gani.

Na fito jikina a sanyaye. Na zo neman wanda zan zarga, sai na tarar duk abu shidan da ta lissafa babu ko ɗaya da muke da shi, kuma ba wanda ya hana mu. Muna da ƙungiyar 'yan goro, da ta 'yan albasa, da ta mahauta, da ta 'yan acaɓa, kowacce da kuɗinta da shugabanta. Ta unguwa ce babu. Shekara nawa muna zaune, mun shirya kanmu a matsayin 'yan kasuwa, ba mu taɓa shirya kanmu a matsayin mazauna gari ba.

Na sami Baba da maganar a shago da safe, lokacin yana kwance huhu yana canza wa goro ganye, domin a lokacin ne ya fi sauƙin kai. Ya saurare ni har na gama bai ɗago ba. Sannan ya ce, "Kai yaro, ka san abin da ya faru a Shagamu a 1999?"

Na sani, amma ban taɓa ji daga bakinsa ba. A lokacin yana saurayi a Sabon Shagamu, yana koyon sana'a a hannun kawunsa. A watan Yuli rikici ya ɓarke a kan bikin Oro, aka kashe mutane, aka ƙona shaguna da gidaje. Ya ce a bayan tirela ya tafi Kano da riga ɗaya, ya isa bai daɗe ba can ma wuta ta tashi ta ramuwa, ya ga Yarbawa suna ɗora kaya a mota suna yin kudu kamar yadda shi ya yi arewa. Da ƙura ta lafa ya dawo, amma bai koma Shagamu ba, ya zo nan. Ya ce, "Tun ranar na san baƙo raɓa ne. Abin da ba za ka iya ɗora wa mota ba, kada ka sa kuɗinka a ciki." Shi ya sa har yau haya muke yi a nan, alhali ya gina gida mai ɗaki takwas a ƙauye wanda ƙadangaru ke kwana a ciki wata goma sha ɗaya a shekara.

Da a nan ya tsaya, da na ce tsoro ne irin na tsofaffi. Amma ya kawo hujja biyu da har yanzu ban gama amsa su ba. Ta farko, ya ce kuɗin da tirelolin nan ke bayarwa ka san inda suke zuwa? Da su ake sayen man janareton masallaci, da su ake ba malamin allo ɗan abin sabulu, kuma in baƙo ya mutu a garin nan ba shi da kowa, da su ake sayen likkafani. Ya ce wata uku da suka wuce wani yaron mota ya rasu a asibiti, ƙwallo ce ta binne shi? Ta biyu kuwa ta fi nauyi. Ya ce filin nan shiru ne ya tsare shi. Waɗanda suka bayar sun mutu, waɗanda suka karɓa sun mutu. Jikokin gidan sun san nawa ake sayar da fuloti yanzu a bakin kasuwa. Ranar da ka je ka ce a rubuta takarda, ranar ka tuna musu cewa babu takarda. Ya ce, "Kana neman katanga, za ka jawo mu rasa wurin sallar Idi."

Na ce, "Baba, Allah ya ƙara girma, in ba a rubuta ba ma ai wata rana za su tuna." Ya ce wata rana daban, yau daban. Ya ci gaba da jera goronsa.

A nan ne na yi abin da har yanzu ban tabbata daidai ne ba. Ban gaya wa kowa ba, muka tafi ni da abokina wajen dattijon da ya rage a gidan masu filin. Tsoho ne tukuf, idonsa ɗaya ya tafi. Na durƙusa na gaishe shi da Yarbanci, sai ya amsa mini da Hausa garau, har da "ina gajiya". Ashe tsohon ma'aikacin reluwe ne, ya yi shekaru a Sabon Garin Zariya. Ya ce, "Ni ma na yi zaman Sabo, na san yadda yake." Da na faɗi abin da ya kawo mu, ya yi shiru, sannan ya ce mahaifinsa salla ya ba da filin a yi, bai bayar a ajiye tirela ana karɓar kuɗi ba, kuma kada mu ɗauka ba su gani. Ya ce 'ya'yansa sun zo masa sau biyu da maganar a yanka fuloti, ya ce su bari sai ya mutu. Wato shirun da Baba ke taƙama da shi, numfashin tsohon nan ne kawai.

Ya ce zai iya sa hannu, ya kuma sa manyan 'ya'yansa su sa, bisa sharaɗi uku: filin ya zauna na salla da wasan yara, yaran Sabo da na gari baki ɗaya, ba za a gina shago ko ɗaya a ciki ba, kuma a fitar da motoci. Sannan ya ce, "Amma ba da ku zan yi wannan magana ba. Ku yara ne. Ubanninku suka roƙa, ubanninku za su zo."

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Baba bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Kwana tara in na gaishe shi sai ya amsa a taƙaice ya kau da kai, lissafin shago ma ta hannun wana yake karɓa. Wasu dattawa suka ce na tona musu asiri a wajen 'yan gari, wasu suka ce ɗan Alhaji ya zama ɗan siyasa. Wanda ya ba ni mamaki mahaifiyata ce. Ta ce ita ba ruwanta da ƙwallo, amma in za a yi, a sa bencina da inuwa a gefe, domin shekara ashirin da biyar tana garin nan ba ta san wurin da mace za ta zauna ta sha iska ba in ba gidan biki ko gidan mutuwa ba. Sai a lokacin na lura ƙannena mata uku ba wadda ta taɓa taka filin nan in ba ranar Idi ba. Ni da nake ta cewa filin yara, ashe filin maza nake nufi.

An yi zaman kwamiti sau biyu a kan maganar, na biyun har da Sarkin Hausawa. Ba a bar mu mun shiga ba, muna waje a kan dakali. Abin da ya fito shi ne 'yan albasa za su nemi wani wurin ajiye motoci a bayan gari, in sun samu, ƙungiyarsu ta ci gaba da ba masallaci wani abu duk wata ko da bai kai na da ba. Ba su samu ba tukuna. Mu matasa mun buɗe littafin taro, mun zaɓi shugabanni, mun sa Yarbawa biyu daga unguwar baya a ciki, kuma kowa na zuba naira 500 duk Juma'a. Da muka tambayi kuɗin safiyo da zai auna filin ya zana, sai muka ga abin da muka tara bai kai rabi ba. Lokacin karɓar takardun tallafi na bana kuwa ya riga ya wuce, kuma ko mun cika komai baɗi, matar nan ta faɗa mana tun farko cewa masu nema sun fi kuɗin yawa.

An sa ranar Asabar mai zuwa dattawa huɗu za su je wajen tsohon. Ba a faɗi sunayensu ba, ni kuma ba ni da fuskar tambaya. Jiya da yamma dai Baba ya sa na sauko da huhun daushen da yake ɓoyo tun bara, wanda ya hana wani dillalin Maiduguri duk da kuɗin da ya taya. Ya zauna ya zaɓi ɗari da hannunsa, fari da ja, manya-manya, ya naɗe a sabon ganye ya ajiye a ƙarƙashin tebur. Na ce, "Baba, na wane ne, in rubuta?" Ya ce kada in rubuta. Ƙanena kuma an kwance masa ɗori makon jiya, yau da la'asar na hango shi a layin kasuwa yana tsaron gida tsakanin duwatsu biyu.